Gero Uku a Kan Lasifikar Jirgi

A kasuwar Jega, bayan 'yan albasa, akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da ban san sunansa ba. Tabaraunsa ɗaure yake da zare, yatsunsa duk tabon dalma. Yau wani bakanike yana tsaye a kansa da lasifika biyu, tsohuwa da ta yage da kuma sabuwa. Ya ce ta ƙaramin jirgin feshin tsuntsayen jan-baki ce, kuma matuƙin ba zai tashi ba sai yana jin masu yi masa magana daga ƙasa. Tsuntsayen kuwa suna can Sarandosa suna cin amfanin gona.

Dattijon ko ɗaga kai bai yi ba. Yana haɗa lasifika biyun baki da baki, yana duba ramukan kusa. Can ya laluba aljihu, ya ɗora ƙwayar gero uku a kan sabuwar, ya taɓa wayoyinta da batir. Geron ya yi tsalle.

"Lahiyarta lau," in ji shi. "Amma maganaɗisun wagga ya hi na tsohuwar ƙarhi. Nisanta ta da kamfas mai nuna alƙibla, kada mutum shi nuhi Maiyama shi sauka Nijar."

Ba na shakka, hannun nan ya san cikin jirgi. Bakaniken ma haka ya gani.

"Baba, ka taɓa aikin jirgi ne?"

Dattijon ya tsince geronsa ya mayar aljihu.

"Gonata na Sarandosa. Yi maza ka tahi."