Zakaran Kamarad

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na raka yayana gaida ministan noma na Faransa, da farin zakara a hammatarsa.

Mu 'yan unguwar Briqueterie ne a nan Yaoundé, kuma kaji ne sana'armu. Yaya ke kiwo a wani fili bayan Messa, ni nake sayarwa a kasuwar Mokolo. Wanda ya koya masa kiwon zamani wani Baturen Faransa ne, saurayi a lokacin, da ya zo aikin sa-kai. Kullum da yamma sai ya shigo unguwarmu cin tsire, yana ci yana hawayen yaji, yana yi wa Yaya bayanin haɗa abincin kaji da rigakafi. Ba ya kiran Yaya da sunansa, sai dai ya dafa kafaɗarsa ya ce masa kamarad. Da Yaya ya tambayi ma'anar kalmar aka ce masa aboki take nufi, abokin gwagwarmaya. Shi ke nan ya riƙe ta. A wurinmu, in mutum ya sa hannu a kwano ɗaya da kai, kuma ya raɗa maka suna na musamman, ai ya zama amini har kabari.

Baturen ya koma ƙasarsu ya shiga siyasa, a jam'iyyar da rediyo ke kira ta 'yan gurguzu. Yaya ya riƙa binsa da kunne: ya zama magajin wani ƙaramin gari, ya zama ɗan majalisa, ya faɗi zaɓe, ya sake miƙewa. Ranar da ya faɗi, Yaya ko tuwo bai ci ba. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Kamarad don tsokana, shi kuwa amsawa yake yi da fara'a. Yakan ce mana, "Jam'iyyar talakawa ce. Ku dai bari ya kai sama."

Ana cikin haka daskararrun kaji daga Turai suka cika Mokolo, waɗanda muke kira kwanjele. Da farko mutanenmu sun ƙi su, suna cewa wa ya san wanda ya yanka. Amma masu gidajen abinci suka koma can, sannan yunwa ta fara sassauta tambayar har a cikin unguwarmu. Sai in wuni a rumfa kaji na haki cikin keji, in mayar da su gida da yamma su ƙara cin abincin da ba su biya ba. Na sha cewa, "Yaya, mu nemi wata sana'a tun muna da sauran ƙarfi." Sai ya harare ni.

Rannan kuwa rediyo ya ce an naɗa mutuminsa ministan noma. Yaya ya yi sujada a tsakar gida. Ya tabbata amininsa bai san abin da ake mana ba ne, da ya ji zai hana. Da aka ce ministan zai zo taro Yaoundé, ya zaɓi zakaran da ya fi kowanne, domin a gidanmu ba a zuwa gaida babban baƙo hannu rabbana. Ya sa rigarsa ta salla, muka shiga taksi, fasinjoji na ta matsawa saboda zakaran.

A ƙofar otal ɗin da ministan ya sauka wani jandarma mai gadi ya tare mu. Yaya ya ce masa da Faransancinsa na kasuwa, "Je suis son camarade," wato shi kamarad ɗin ministan ne. Jandarman ya dube shi, ya dubi zakaran, ya yi dariya ya nuna mana bayan igiya inda jama'a suka jeru. Muka tsaya har rana ta take.

Can sai ga shi ya fito, ya yi furfura, ya yi tumbi, yana bin layi yana gaisawa. Da ya iso kanmu ya kama hannun Yaya, ya yi murmushi ya ce, "Bonjour, camarade." Na ga fuskar Yaya ta haskaka, ya buɗe baki zai fara zancen kwanjele. Kafin ya haɗa kalma biyu, ministan ya saki hannunsa, ya kama na wanda ke kusa da mu ya ce, "Bonjour, camarade." Na gaba ma haka, da na gabansa. Muna jin kalmar tana nisa har ya shiga mota.

Wani dattijo mai kwat da ke gefenmu ya ce da Hausa, cikin tausayi, "Alhaji, haka suke kiran kowa a jam'iyyarsu. Kamar mu ce malam ne."

Yaya bai yarda mun hau taksi ba, a ƙafa muka dawo, zakaran na leƙen hanya daga hammatarsa. Sai da muka shigo unguwa ya ce, "Ashe ba sunana ba ne." Ban taɓa jin maganar da ta karya mini zuciya kamarta ba.

Ba na cewa Baturen mugu ne. Mai yiwuwa kare manoman ƙasarsa aka naɗa shi ya yi, kuma ya yi. Mu ne muka jingina abincinmu da kalmar da ba mu san nauyinta a bakin masu ita ba. Kafin shekara ta zagayo filin Messa ya zama kango, Yaya ya daina kunna rediyo, duk wanda ya kira shi Kamarad kuma sai ya yi kamar bai ji ba, har ya rasu.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ɗora rayuwarka kan sunan da babban mutum ya kira ka, ka tsaya ka ji me yake kiran na kusa da kai. Ni dai na koya a makare. Har yau ina rumfar nan a Mokolo, inda kejin Yaya yake a da yanzu firiza ce, kuma ba mai tambayata wa ya yanka.