Randar da Na Kai Zaure

Yayan mijina ya san komai. Ya san noma, ya san siyasa, ya san ciwon da ke damun mutum tun bai buɗe baki ba. Inda ɓera ke nufa idan ya ci magani ne kawai ya gagare shi.

Shi ne mai jujin da ke bayan ɗakina a gidanmu na Dugabau. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, ragowar tuwo, duk nan ake zubawa, sai damina ta matso a kwashe a kai gona. Taku uku ne tsakanin jujin da akurkin kajina, gefe kuma ga ɗan lambuna na yakuwa da kuɓewa. Ɓeraye suka mai da wurin garinsu. Suka shanye ƙwai, suka datse kuɓewa, suka ja 'yan tsaki biyu da rana tsaka ina kallo.

Na roƙi mijina a mayar da jujin bayan katanga. Da ya kai maganar, Yaya ya ce takinsa ba zai tashi don wata 'yar sakandare tana ƙyanƙyami ba. Ranar kasuwa ya sayo magani a Kabo, ya kwaɓa da ƙuliƙuli, ya tuttura cikin ramuka. Na durƙusa na ce masa malaminmu na noma ya taɓa gaya mana ɓeran da ya ci magani ruwa yake nema. Ya ce to in rubuta wa ɓerayen wasiƙa su haƙura.

Kwana biyu bayan nan, da safe na ɗebi ruwa a randar ƙofar ɗakina na ba 'yata, wadda ko shekara biyu ba ta cika ba. Ta sha, ta ƙara. Sai da azahar, da ruwan ya yi ƙasa, moɗa ta taɓo wani abu mai laushi. Na leƙa. Mataccen ɓera ne, ya kumbura, jelarsa na reto. Ashe faifan murfin ya ɗan goce.

Ban san yadda na hau babur ba. Tun daga gida har asibiti a Gwarzo yatsana yana bakin yarinyar, ina duba ko jini ya fara fita. Ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta ce a zauna a gani. Sai washegari aka sallame mu. Allah Ya kiyaye.

Muna dawowa muka tarar da Yaya a ƙofar gida, ya jera matattun ɓeraye a ƙasa yana nuna wa abokansa. Bai tambayi jikin yarinya ba.

"Har da na randa, sha ɗaya ke nan," in ji shi. "Ke kuma wankewa kawai za ki yi. Ruwa ne, ba komai."

Na wanke randar kuwa, tas. Na kinkime ta da kaina na girke a zaure, inda yake zama da baƙinsa, na cika ta, na ɗora sabuwar moɗa.

"Yaya, ga randa na kawo muku."

Jujin yana nan inda yake. Ni ma har yau ban daina ɗaure bakin sabuwar randata da ƙyalle in danne da dutse ba, kuma ba na ɗiban ruwa sai na haska tocila, ko da rana ce. Ta zaure kuwa kullum ina sake mata ruwa. Wata uku ke nan, ruwan leda Yaya yake saya a shago.