Kwano a Kan Rikoda

Jiya a kwamfuta na ci karo da muryar Inna, dattijuwar nan mai sasanta maƙwabta a Dutse Uku. An aike ni ɗaukar tarihin waɗanda aka ba tallafin gyaran al'umma, ita kuwa ba ta yarda da rikodata ba.

"Ɗan nan, wa zai saurara bayan raina?"

Na ce ɗalibai. Ta harare ni, ta kifa kwano a kan rikodar, sannan ta faɗi sunayen waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu don tsirar da su lokacin rikici.

A faifan, wurin nan sai gunaguni da ƙarar cokalinta cikin kofin shayi. Ranar na ji haushi. Yau ni kaina ban san hannun da faifan ya shiga ba.

Allah Ya rufa mata asiri yadda ta rufa musu.