Na Ce Bunduƙiyya, Aka Kawo Min Doguwa

"Wannan kike so?" in ji malamar, ta ɗora wata doguwar bindiga a kan tebur, ta kusa kai tsawona. Maigidana yana gefe yana ta danne dariya.

Jiya ne fa, a wurin koyon harbi a nan Riyadh. Tun harin da aka kai garinmu, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai na zabura. Na gaji, na ce gara in je in saba da ƙarar nan.

Larabcina ne ya ja min. Tunda mu bindiga muke cewa, sai na ce mata "bunduƙiyya". Ashe a wurinsu doguwar ce bunduƙiyya, ta hannu kuwa "musaddas" sunanta.

Da ta jero na hannun, na nuna wata 'yar mitsitsiya mai kyau. Ta girgiza kai.

"La, habibti. Ƙaramar ta fi dukan hannu. Ɗauki wadda ta cika miki tafi, nauyinta ne zai shanye girgizar."

Na ɗauki mai ɗan nauyin, na sa abin toshe kunne. Harbin farko ido a rufe na yi shi. Na biyar ya huda takardar da ake auna harbi a kai, dab da tsakiya. Na ajiye bindigar yadda ta koya min, sannan na rangaɗa guɗa!

Yau da safe iska ta buga ƙofar kicin, garam. Sai da na gama juya miya na tuna ban zabura ba. Alhamdulillah.

'Yan uwa mata, ku wane tsoro kuka taɓa zuwa kuka same shi har gida?