Akuyar da Gado ya yi wa lalas

A damina ta uku bayan samun mulkin kai, wata ranar Lahadi da manya suka tafi kasuwar Tawa, katangar bayan gidanmu ta sha ruwa ta zube a kan akuyata. Ja ce mai farin goshi, kakata ce ta ba ni ita ranar da na kai izu goma. Ni ke yanko mata ciyawa kafin in ɗauki allo, ni ke kai ta rijiya da yamma. Da muka yaye ƙasar muka jawo ta, sai ta miƙe da ƙafafun gaba, na baya kuwa suna jan ƙasa kamar tsumma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ta kuka, tana ma neman ganye.

Washegari aka kira Gado Mai Lalas. Mutum ne mai ƙaton rawani da ƙaramin sani, wanda duk ciwon dabba, daga tari har zawo, ƙarfe mai zafi ne maganinsa a wurinsa. Ya zauna a tabarmar babana ya shanye furar da aka dama wa gida duka, sannan ya sa ƙarfe a garwashi. Ko taɓa bayan akuyar bai yi ba. Ya ce iska ce ta shiga ƙafafun, wuta za ta kore ta.

Ni aka sa na riƙe kanta. Ya ɗora jan ƙarfen a cinya, gashi ya babbake, ƙauri ya cika gidan, akuya tana ta tuƙa abinta. Sai Gado ya waiwayo yana murmushi ya ce wa babana, "Ka gani, Malam? Hannuna sanyi gare shi, ko motsi ba ta yi ba." Ya ƙona ɗaya cinyar, ya ƙona gindin wutsiya, yana yabon kansa. Da ya hau can kusa da kafaɗa sai ta ƙwala wani kuka, ta kusa ƙwacewa daga hannuna. Nan ma bai rasa bakin magana ba, ya ce iskar ce ke fita.

Iska ba ta fita ba. Ƙunar ta ruɓe, ƙudaje suka yi mata tsutsa, ita kuwa ba ta ma san suna cinta ba. Na yi ta wanke ta da ruwan gishiri ina roƙon Allah, har ranar da babana ya ce, "Ɗana, barin ta haka zalunci ne." Ya yi bisimilla ya yanka.

Da yake sara ƙashin baya ban kau da kai ba. A cikinsa na ga laka, fara, mai taushi, ga wasu siraran jijiyoyi kamar zaren kaɗi suna shigowa cikinta dama da hagu, ta tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa. A tsakiyar baya lakar ta murƙushe, ta yi baƙin jini. Babana ya bi wata jijiya da tsinin wuƙa har cikin naman cinya. A nan na gane cewa zafi tafiya yake yi: daga fata ya bi zaren nan ya shiga laka, ya hau zuwa kai. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya shimfiɗa wannan hanya. Inda ta yanke, ko wuta ba ta da mai kai labarinta. Abin da Gado ya kira sanyin hannunsa ke nan. An aika masa da ƙafa guda, ya karɓa ba kunya.

Yau akwai likitan dabbobi a Tawa, jikokina kuma suna ganin hoton laka a littafin lakwal, wato makarantar boko, da launi, ba jini ba ƙauri. Ni a akuyata na karanta, kuma da an ba ni zaɓi a lokacin, da na zauna da jahilcina ita ta rayu.