Minti Ɗaya a Ikara

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa ɗaura agogo ba. A wurina minti abin tsotsa ne.

Zamanin soja ne, lokacin da sukari sai an bi layi da bulala a bayanka. Shekara guda kafin nan jirgin ƙasa ya kife da mutane, ƙasa duka ta yi makoki. Maigidana, Malam, direban motar rake ne, daga Makarfi yake ɗauka. Shi ya fara isa wurin. Ya zubar da raken a bakin hanya, ya wuni yana kwasar masu rauni zuwa asibiti. Mai motar ya kore shi, 'yan tasha suka laƙaba masa Zubar-da-rake. In sun kira shi haka, ina ganin yadda yake sunkuyar da kai.

Da ranar ta zagayo, mai shela ya bi unguwa yana cewa kowa ya hallara sakatariya, za a karrama waɗanda suka yi agaji, kuma za a yi minti ɗaya. Malam ya wanke babbar rigarsa tilo. Ba abin da yake so illa a kira sunansa a gaban 'yan tashar nan.

Maƙwabciyata, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, ta leƙo ta katanga.

"Yaya, kin ji za a raba minti?"

"Ɗaya aka ce. Gwamnati ce, kada ki sa rai da biyu."

Na yi mata faɗa a kan kwaɗayi, sannan na ɓoye ƙaramin kwanon sha a ƙarƙashin mayafi.

Sakatariya ta cika da mata, har daga garin Paki. Ba wanda ya ce mu yi layi, mun saba. Wani sajan ya hau tebur ya ce, "Minti ɗaya, kowa shiru." Muka yi shiru, muka miƙa hannu. Yana duba agogo, muna duba aljihunsa.

Can wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ni ba ni da haƙori, a zaɓo mini mai laushi."

Wata ta ce ita goyo gare ta, a lissafa da na bayanta. Wuri ya kaure. Sajan ya zare bulala, ya ce an raina matattu, taro ya tashi, mata kuma su yi tsallen kwaɗo. Na hango Malam yana naɗe hannun rigarsa zai juya gida.

Na fito daga layi.

"Ranka ya daɗe, mintin nan naku, ina yake?"

"Mama, lokaci ne. Shiru za a yi don waɗanda suka rasu."

"To ai sai ka ce addu'a. Tsawonsa kamar me?"

Sai nuna mini agogo yake. Na juya na ce wa mata ba abin tsotsa, kowace ta sauke hannunta. Mai Fatiha ta karanta uku a zuci, mai zuwa coci ta yi tata. Wadda ta yi tari, da ni za ta gamu. Sun san ni.

Aka yi tsit. Har kukan akuya muna ji daga bayan kasuwa. Na ɗaga hannu zan shafa, kwanon ya suɓuce. Ya daki siminti, ya gangara yana ƙara, bai tsaya ko'ina ba sai gindin takalmin sajan.

Ya dube shi, ya dubi agogo, ya ce, "Ya cika."

Maƙwabciyata ta raɗa mini, "Yaya, naki da kwano za a auna?"

Aka kira sunan Malam na uku. Ya karɓi takardarsa, 'yan tasha na tafi, har da mai motar. A hanyar gida, da muka zo wurin mai tebur, ya saya mini minti guda.

Haka ya riƙa yi duk shekara har ya rasu. Yanzu ni nake saya. Ina sa shi a baki, ba na magana sai ya narke. Jikokina sun auna, sun ce ya fi na sajan tsawo.