Alhaji Nu'uman Tsoho, Mai Injin Markaɗe na Mansur, da Bokitin da Ya Fitar Daga Layi

Haihuwa da Asali

An haifi Alhaji Nu'uman Tsoho a shekarar 1951 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1370 Hijiriyya, a garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan. Mahaifinsa, Malam Tsoho, mutumin Gumel ne, mahaifiyarsa Hajo kuma 'yar Maigatari ce. Sun baro gida a ƙafa tun shekarar 1944 da niyyar sauke faralin Hajji, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya ƙwadagon auduga da zummar shekara ɗaya, tsayuwar da ta kai su shekara ashirin da huɗu. Nu'uman shi ne na uku a cikin 'ya'yansu, kuma shi kaɗai ya rayu har ya girma.

Karatu da Isowa Makka

Ya sauke Alƙur'ani mai girma a gaban mahaifinsa a shekarar 1964, bayan haka ya yi shekara huɗu a wata makaranta a Sinnar, inda ya iya rubutun Larabci da lissafi. A shekarar 1968 Malam Tsoho ya rasu bai ga Ka'aba ba. Da shekara ta zagayo Nu'uman ya ɗauki mahaifiyarsa suka hau jirgin ruwa daga Bur Sudan zuwa Jidda, suka yi Hajjin wannan shekara, kuma ba su sake komawa ba. Ya lizimci wata halƙa, wato da'irar karatun fiƙihu, a Haramin Makka tsakanin Magariba da Isha'i har kimanin shekara tara, ya fahimci babin ciniki da na shaida gwargwado, amma bai taɓa yarda a kira shi malami ba.

Aure da Iyali

A shekarar 1976 ya auri Safiyatu, 'yar wani maɗinki Bahaushe da iyalinsa suka iso ta Abashe a ƙasar Cadi. Ita kaɗai ya aura har ƙarshen rayuwarsa. Sun zauna a unguwar Misfala ta Makka, daga baya suka koma unguwar Mansur, inda aka haifi dukkan 'ya'yansu in ban da na fari. Hajo ta rasu a gidansa a shekarar 1987.

Sana'a

Ya yi shekara goma sha huɗu yana aiki a injin niƙa na wani Bayamane a Misfala. A shekarar 1983 ya buɗe nasa a wani lungu na Mansur, a ƙarƙashin sunan kafilinsa, wato ɗan ƙasar da takardun shago ke ɗauke da sunansa, ya kafa injin niƙan gari ɗaya da na markaɗe ɗaya. Daga wannan shekara har zuwa 2014 babu wani injin markaɗe a wannan sashe na unguwar sai nasa, saboda haka duk mai sayar da waina ko ƙosai ko kunu a Mansur ta ƙofarsa abincinsa yake bi.

Tsarin aikinsa sananne ne. Mai kaya zai ajiye bokitinsa a layi bayan sallar Azahar, ya ɗaura ƙyalle a marikin don shaida, ya tafi harkarsa, ya dawo kafin Magariba. Nu'uman ya san ƙyallen kowa, kuma bokitin da ya riga zuwa shi ake fara markaɗawa, ko na waye. Kafin shekarar 2013, sau ɗaya aka san ya ƙi aiki. A shekarar 1991 wani mutum ya kawo masa tsirarriyar dawa, irin wadda ake haɗa abin maye da ita, ya mayar masa da ita. Bayan mako guda mutumin nan ya kawo geron kunu, Nu'uman ya karɓa ya niƙa masa ba tare da ya tayar da zancen baya ba.

Sabo da Awwalu

A shekarar 1994 wasu maza biyu masu tuyar waina suka fara kawo masa shinkafa. Sabo mutumin Damagaram ne, Awwalu kuma na Kano, dukkansu sun zo Umra ne suka zauna. Ɗaki ɗaya suke haya, tanda ɗaya suke tuya a kanta, babu wanda ya taɓa yin aure a cikinsu, kuma jama'ar unguwa suna kiransu 'yan daudu, suna faɗa a bayan idonsu cewa zaman miji da mata suke yi. Babu wanda ya taɓa cewa ya gani da idonsa. Shekara goma sha tara ana wannan magana, kuma shekara goma sha tara masu maganar suna karya kumallo da wainarsu. Awwalu yana da iƙama, wato takardar izinin zama. Ta Sabo ta mutu tun 2009 bayan rasuwar kafilinsa, tun daga lokacin kuma bai ƙara fita daga lungunan Mansur ba.

Yarjejeniyar Shekarar 2013

A watan Afrilu na shekarar 2013, bayan wata sallar Juma'a, masu shaguna goma sha ɗaya na Hausawan Mansur suka taru a gidan Alhaji Dawuda, mai kantin kayan masarufi kuma babbansu a shekaru. A lokacin wani labari yana yawo a wayoyin jama'a, na wani mai gasa kek a ƙasar Turawa da ya ƙi yi wa maza biyu kek ɗin biki saboda addininsa, aka kai shi ƙara. Alhaji Dawuda ya kafa hujja da shi cewa idan Banasare zai tsaya haka a ƙasar da doka ke kare irin waɗannan mutane, abin kunya ne Musulmi su kasa a maƙwabtan Ɗakin Allah. Ya ce mai shago yana da 'yancin zaɓen wanda zai yi mu'amala da shi, kuma babu mai tilasta masa taimakon saɓo. Aka yi ittifaƙi cewa kada a ƙara sayar wa Sabo da Awwalu komai, kada kuma a yi musu aiki.

Babu wanda ya lura, ko kuma babu wanda ya so ya lura, cewa waɗancan na ƙasar Turawa suna da kotun da za su je da kuma wasu shaguna ɗari da za su shiga, waɗannan kuwa ba su da wurin kai kuka, domin duk ƙofar da za su ƙwanƙwasa ta fi abin da suke gudu haɗari. Babu kuma wanda ya tambaya ko markaɗen shinkafa biki ne. Hukuncin shari'a a kan aikin da ake zarginsu da shi sananne ne, ba a taru don a canza shi ba, kuma ba a ba wa masu kanti zartar da shi ba. Abin da aka zartar a wannan rana shi ne yanke wa mutum biyu abinci a kan jita-jita.

Masu rubuta tarihin dattawanmu sun saba tsallake irin wannan wuri su wuce zuwa yawan nafila da kyautar Ramadan. Ba za a tsallake shi a nan ba. Nu'uman yana cikin taron, ya san babin shaida fiye da duk wanda ke zaune, kuma bai nemi a kawo shaida ba. Da Alhaji Dawuda ya juyo gare shi ya kira shi da sunan babban ɗansa ya ce, "Ya Abu Abdulwadud, mu namu sukari ne da mai, za su samu a wani wuri. Kai ne maganar," sai ya amsa da cewa ba zai fita daga jama'a ba.

Kashegari ya ɗaga bokitin Sabo da Awwalu, mai jan ƙyalle, daga layi ya ajiye shi a bakin ƙofa. Waɗanda ke wurin sun ruwaito cewa da Awwalu ya dawo ya tarar da shinkafarsa yadda ya bar ta, sai ya riƙe ƙugu ya kira shi baffa da Larabci ya ce, "Ya ammi, shekara sha tara injinka yana cin shinkafarmu bai taɓa shaƙewa ba. Yau ne ya tuba?" Wasu suka yi dariya. Nu'uman bai ɗago kai ba, ya ce, "Halas, ya isa, Awwalu. Ɗauki kayanka."

Watanni Bakwai

Jiƙaƙƙiyar shinkafa ba ta jira. Dole a markaɗa ta a ranar da aka jiƙa ta, ƙullun ya kwana ya tashi, in ba haka ba babu wainar gobe. Inji mafi kusa da zai karɓe su yana can unguwar Ka'akiyya mai nisa, saboda haka daga watan Afrilu Awwalu ya riƙa ɗaukar bokiti biyu a mota kullum, ya je ya dawo, har da kwanakin azumi, Sabo kuma yana tsaron tanda. Safiyatu ba ta ɓoye wa mijinta ra'ayinta ba, kuma 'ya'yanta sun tabbatar cewa takan ce masa, "Malam, ni dai ban yi karatu ba, amma a faɗa mini laifin da shinkafa ta yi."

A farkon watan Nuwamba Awwalu ya kwanta da ciwon baya, a daidai lokacin da aka tsaurara binciken takardu a kan hanyoyi. Kwana uku tanda ba ta ga wuta ba. A rana ta huɗu Sabo ya ɗauki bokitan da kansa ya hau mota zuwa Ka'akiyya, aka tsayar da motar a hanya, aka nemi iƙamarsa. Bayan mako biyar a wurin tsare marasa takardu aka mayar da shi Nijar, ƙasar da ya bari shekara ashirin da suka wuce, yana da shekara hamsin da takwas, babu komai a hannunsa sai kayan jikinsa.

Janyewarsa

A ranar da labarin kama Sabo ya tabbata Nu'uman bai buɗe shago ba. Washegari ya tafi ɗakin Awwalu da rana tsaka, jama'a na kallo, ya ɗauko bokitin shinkafar Awwalu da hannunsa ya sa shi a layi. A Juma'ar da ta biyo baya ya je gidan Alhaji Dawuda ya sanar da masu shagunan cewa ya fita daga yarjejeniyar. Jawabinsa bai yi tsawo ba. Ya ce bai halatta abin da Allah ya haramta ba, kuma da wani zai kawo masa aikin da shi kansa saɓo ne, zai mayar da shi ko da ɗansa ne ya kawo. Amma bai ga komai ba, su ma ba su gani ba, ko da kuwa gaskiya ne, hisabin ba a injinsa za a yi shi ba. Da aka ce masa ai mai shago yana da 'yancin ƙi saboda addini, sai ya ce, "To, ya jama'a, ni ma mai shago ne. Na karɓa saboda addini. Ko 'yancin na masu ƙi ne kaɗai?"

An ba shi amsa a shekarar 2014, lokacin da wasu daga cikinsu suka haɗu suka kafa sabon injin markaɗe a lungu na gaba. Fiye da rabin bokitan da ke layinsa suka koma can. An daina kiransa ɗaurin aure da suna a wasu gidaje, wani maƙwabcinsa na shekara talatin ya daina amsa masa sallama. Bai kai ƙarar kowa ba, bai kuma yarda a yabe shi ba. Ga duk wanda ya ce masa ya yi jarumtaka yakan ce jarumtakar ta makara da wata bakwai. Ya yi ta aika saƙo Damagaram ta hannun alhazai yana neman Sabo ya yafe masa. Sau ɗaya amsa ta zo, a Hajjin 2015, cewa Sabo yana gaishe shi kuma yana tambaya ko Awwalu ya warke. Maganar yafiya ba ta cikin saƙon.

Ƙarshen Rayuwa da Rasuwa

Ciwon sukari ya kama shi a shekarar 2016, ya miƙa aikin inji ga babban ɗansa, amma ya ci gaba da zama a bakin shago yana duba layi. A watan Janairu na 2018 ya kira shaidu biyu ya yi wasiyya cewa muddin injin yana hannun zuriyarsa kada a fitar da bokitin kowa daga layi saboda abin da ake faɗa a kan mai shi.

Ya rasu a gidansa da ke Mansur da hantsin ranar Alhamis, 15 ga watan Maris na shekarar 2018, daidai da 27 ga Jimada Sani 1439, yana da shekara sittin da bakwai. An yi masa salla a Masallacin Harami bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar Shara'i'i. Bakwai daga cikin masu yarjejeniyar sun halarci jana'izarsa, sun ambace shi da gaskiya da riƙon amana, babu ko ɗaya da ya ambaci Sabo.

Ya bar matarsa Safiyatu da 'ya'ya biyar: Abdulwadud, wanda injin ke hannunsa kuma yake zartar da wasiyyar, Rumasa'u, da ke aure a Jidda, Abdulƙuddus, direban motar alhazai a Aziziyya, Manal, malamar makarantar haddar Alƙur'ani ta mata, da Minnatullah, autarsu, wadda ke gida tare da mahaifiyarta. Ya kuma bar jikoki goma sha huɗu. Awwalu yana nan yana tuya shi kaɗai. Saƙon da aka aika Damagaram na sanar da rasuwar ya dawo, domin ba a sami wanda ya san inda Sabo yake ba. Allah ya jiƙan Nu'uman, ya yafe masa abin da bai samu an yafe masa a duniya ba.